Taƙaitaccen Bayani Kan Tantance Lafiyar Fayilolin Sauti Ta Layin Umarni

A wata tattaunawa kan yadda za a gane ko fayil ɗin sauti ya lalace ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara da FFmpeg, wato manhajar sarrafa sauti da bidiyo, domin ffprobe, manhajar da ke nuna bayanan fayil, tana zuwa tare da shi. A tsarin Linux na Ubuntu ko Debian, umarnin sudo apt install ffmpeg ya wadatar, amma mai Windows sai ya saka adireshin babban fayil ɗin manhajar cikin PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke dubawa idan tana neman umarni, in ba haka ba kwamfuta za ta ce ba ta san umarnin ba.

Inda aka fi ja kunne, kuma a ganina nan ne muhimmin batu, shi ne cewa ffprobe yana nuna tsawon sauti da nau'insa da yawan samfurin sautin da ke cikin kowace daƙiƙa, misali 44100 Hz, amma ba ya sauraren fayil ɗin daga farko har ƙarshe, don haka karatun da ya yanke a minti na arba'in yana iya bayyana kamar lafiyarsa ƙalau. Wanda yake son tabbaci sai ya rubuta ffmpeg -v error -i fayil.mp3 -f null - ya jira. Idan allon ya yi shiru, ba a gano matsala ba, idan kuwa layuka suka fara zubowa, akwai ɓaraka.

Masu fayilolin FLAC, wato nau'in sautin da ake matsewa ba tare da rasa inganci ba, sun fi samun sauƙi, domin umarnin flac -t yana kwatanta sautin da lambar MD5, wato lambar shaidar sautin asali, da ke cikin fayil ɗin. An kuma tunatar cewa sunan fayil mai tazara yana buƙatar alamar zance, kuma kada a taɓa yin gyara sai an ajiye kwafin asali a gefe.