Tambaya: yaya zan riƙa ajiye tarihin agogon sabobinmu, ba duban na yau kaɗai ba?

Mai Jiran Sabar, Kano

Assalamu alaikum, iyayen gida da abokan sana'a.

Ina kula da sabobi huɗu, wato kwamfutocin da ke riƙe manhajoji da bayanai, a wani ƙaramin kamfani da ke riƙe wa masu shaguna lissafin ciniki. Uku suna kan chrony, ɗaya tsohuwa ce da na gada, tana kan ntpd har yau. Chrony da ntpd manhajoji ne da ke daidaita agogon kwamfuta da na sabobin lokaci ta intanet. Makon jiya wani ɗan kasuwa ya kawo ƙorafi a kan kuɗin da ya ce an rubuta masa sau biyu. Maigidana ya ce in ciro rajistar ranar Talata in jera abin da ya faru bi da bi. Da na ɗora rajistar sabar manhaja kusa da ta rumbun bayanai, sai na ga abin da hankali ba zai ɗauka ba: rumbu ya rubuta cewa ya adana cinikin da ƙarfe 2:07:31 na rana, ita kuma manhaja ta ce sai 2:07:33 ta aika masa. Amsa ta riga tambaya da daƙiƙa biyu.

Na garzaya na buga `timedatectl` a dukansu, kowacce ta ce an daidaita agogo. Na buga `chronyc tracking`, tazarar ba ta kai milisakan ɗaya ba. To amma wannan ranar Juma'a ce, ni kuwa Talata ake tambayata. Na tsaya gaban maigida ba ni da abin nunawa, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin haƙƙin mutum ne ake magana a kai, rajistar da ya kamata ta raba gardama kuma ita ce ta ƙara dagula ta.

Abin da nake nema shi ne: me ya kamata in riƙa rubutawa kullum game da agogo, a ina, tsawon wane lokaci zan ajiye, kuma tazara ta kai nawa kafin a tashe ni daga barci? Ku sani cewa wuta na yawan ɗaukewa a unguwarmu, esin ɗakin sabar ba ta aiki a kan ƙaramin inji, kuma idan babban layin intanet ya faɗi muna komawa layin waya. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Tsohon Hannu, Kaduna

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai ka daina dogara da waccan kalma ta `timedatectl`. A systemd na shekarun nan, wato manhajar Linux da wannan umarni ke cikinta, abin da take dubawa kawai shi ne ko kuskuren da zuciyar Linux ke zato bai kai daƙiƙa 16 ba. Agogon da ya kauce da daƙiƙa biyu zai iya wucewa ta wannan ƙofa ba a tsayar da shi ba.

Kayan rubuta tarihin suna cikin manhajojin da kake da su, kunnawa ce ba a yi ba. A chrony.conf ka sa:

`logdir /var/log/chrony`
`log tracking measurements statistics`

A tsohuwar kuma, cikin ntp.conf:

`statsdir /var/log/ntpstats/`
`statistics loopstats peerstats`
`filegen loopstats file loopstats type day enable`
`filegen peerstats file peerstats type day enable`

Kada girman fayil ya dame ka. Ko da duk daƙiƙa 64 ake tambayar lokaci, layi 1,350 ne a yini ga kowace majiya, wato sabar da ake tambaya lokaci, idan kuma ta natsu ta koma duk daƙiƙa 1,024, layin bai wuce 85 ba. Ni shekara guda nake ajiyewa, manhajar logrotate na matse tsofaffin. Tunda ciniki kuke riƙewa, ka ajiye rajistar agogo muddin kuna ajiye rajistar cinikin, don ita ce shaidar waccan.

Abu biyu za su ruɗe ka ranar farko. Lokacin da ke cikin fayilolin nan na UTC ne, wato ma'aunin lokaci na duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, saboda haka ƙarfe biyun ranarka za ka same shi a 13. Sannan loopstats ba ya rubuta kwanan wata irin wanda ka saba. Lambar farko ƙidayar kwanaki ce tun daga 17 ga Nuwamba 1858, ta biyu kuma daƙiƙoƙin da suka shige tun tsakar dare. Ka riƙe wannan a matsayin turke: 60000 ita ce 25 ga Fabrairu 2023, daga nan sai ka ƙirga.

Yanzu ga inda nake so ka sa ido sosai. Kowa tazarar agogo yake kallo, ni kuwa layin saurin bugu na fi kallo, wanda ake aunawa da ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Ppm ɗaya milisakan 86.4 ne a yini. Agogon da ke da karkatar ppm 23, idan aka sake shi ba linzami, a yini ɗaya zai tara daƙiƙa biyun nan taka. Ƙanƙarar dutsen da ke ba kwamfuta bugu tana jin zafi da sanyi, don haka ranar da esi ta tsaya a watan Afrilu za ka ga wannan lamba ta motsa tun kafin tazara ta nuna komai. Ka samo abin auna zafi ka riƙa rubuta shi gefe guda, ka zana su tare. Chrony ma tana da umarnin `tempcomp` na rama canjin zafi, amma kada ka taɓa shi sai ka tara bayanan makonni.

Ka duba kuma ko an tayar da ntpd ɗin da `-x`. A al'adarta idan tazara ta haura milisakan 128 tsallake take yi ta gyara. Idan an hana ta tsallaken, jan ƙafa za ta yi, kuma ba ta wuce ppm 500, wato daƙiƙa biyu sai sun ci daƙiƙa 4,000 kafin su goge. Fiye da awa guda ke nan agogo na bayar da lokacin da ba shi ba.

Injiniya daga Maraɗi

Baba ya gama magana a kan kunna rajista. Ni gyara ɗaya zan ƙara, domin ya taɓa cina lokacin da muke kan intanet na tauraron ɗan'adam.

Malam, tazarar da kake gani a tracking ko loopstats ra'ayin na'urar ne a kan kanta. NTP, ƙa'idar tambayar lokaci da chrony da ntpd ke bi, tana aika tambaya, ta karɓi amsa, ta lissafa da hatimin lokaci huɗu, kuma duk lissafin ya ginu a kan zaton cewa tafiya da dawowa tsawonsu ɗaya. Idan tafiyar ta fi dawowa daɗewa, rabin bambancin yana shigewa cikin agogonka, kuma babu layin da zai nuna maka shi. Abin da kawai aka tabbatar shi ne kuskuren ba zai wuce rabin jinkirin zuwa da dawowa ba. A tauraron da ke tsaye a sama jinkirin ya kan haura milisakan 500, ka ga rabinsa ba ƙaramin abu ba ne. Layin waya bai kai haka ba, amma da yamma idan mutane suka cika shi, aikawa takan fi saukewa wahala, kuma nan ne matsalar take.

Shi ya sa nake rubuta jinkiri tare da tazara, kullum. A measurements.log akwai shi ga kowace majiya. Iyakar kuskuren kuma chrony ta bayar da yadda ake lissafa ta: tazarar agogo, a tara da Root dispersion, a tara da rabin Root delay, duka biyun suna cikin abin da `chronyc tracking` ke nunawa. Wannan jimillar ce za ka iya kai wa maigidanka ka ce agogona bai kauce fiye da haka ba a wannan sa'a.

Sannan ka nemi shaidu. Majiya ɗaya ba ta da mai ƙaryata ta. Biyu idan suka saɓa ba ka san wa za ka bi ba. Takardar RFC 8633 ta 2019, mai jagora kan aiki da NTP, ta ba da shawarar aƙalla huɗu, don ko ɗaya ta faɗi a samu rinjaye a fitar da mai ƙarya. Ka kuma sa wata majiya da kalmar `noselect` a ƙarshen layinta: za a riƙa auna ta ana rubutawa, amma ba za a bi ta ba. Abin da ya fi dacewa da damuwarka ma, ka sa sabobin su riƙa auna junansu ta wannan hanya, tunda abin da ya cuce ka saɓanin da ke tsakaninsu ne. A cikin ɗaki ɗaya jinkirin bai kai milisakan ɗaya ba, awon zai fito tas.

Kada ka gauraya sabobin lokaci na Google da na pool.ntp.org. Idan an ƙara daƙiƙar tsalle, wato daƙiƙa ɗaya da akan ƙara wa agogon duniya, kamar yadda aka yi a ƙarshen Disamba 2016, Google shafa ta take yi a hankali cikin awoyi, sauran kuma su saka ta lokaci guda, sai majiyoyinka su rabu biyu.

Ɗan Jos

Kan batun tashi daga barci, yaya. Idan kana da Prometheus, manhajar sa ido kan sabobi, mai tattara mata lambobi node_exporter na fitar da `node_timex_offset_seconds` ba sai ka ƙara komai ba, sai dai a sabar chrony wannan lamba ba abin dogaro ba ce. A can, ko idan babu Prometheus, `chronyc -c tracking` cikin cron, mai gudanar da umarni a kan jadawali, duk minti biyar ya isa, yana fito da lambobin a jere da waƙafi. Ni ina sa gargaɗi a milisakan 50, kira kuma a 500, amma wannan zaɓina ne, aikinka zai faɗa maka naka. Kerberos, tsarin tantance masu shiga, na haƙuri da tazara har minti biyar, lambobin shiga na waya suna juyawa duk daƙiƙa 30, jeranta rajista kuwa ba ta haƙuri ko kaɗan.

Ka fi sa ƙararrawa a kan Reach, lambar da ke nuna ko amsoshin majiya suna isowa. Idan ka ga 377, amsoshi takwas na baya duk sun iso. Idan suka fara ɓacewa za ka ga 376, 374, 370, har ta kai 0. Agogon da ya rasa majiya shiru yake yi, tazarar ƙarshe da ya sani ita zai ci gaba da nuna maka.

Tsohuwar ntpd ɗin nan kuma, kada ka buɗe tambayoyin sa ido ga duniya. Da umarnin monlist aka yi ta kai manyan hare-hare a 2013 da 2014. Ka sa `noquery` ga na waje, ka sabunta ta.

Mai Jiran Sabar, Kano

Na dawo bayan kwana goma sha biyu. Baba, Injiniya, ƙanena na Jos, Allah ya biya ku, ya ƙara ilimi mai amfani.

Na kunna komai a daren da kuka amsa. Maganar Baba ta zafi ta fito ƙarara: duk ranar da aka koma ƙaramin inji da rana, saurin bugun sabar rumbu yakan gusa da wajen ppm biyu, ya dawo bayan isha'i. Na daɗe ina kallon zanen nan, domin shekara uku ina shiga ɗakin ina jin zafinsa a jikina, ban taɓa kawo wa raina cewa agogo ma na ji ba. Sai dai chrony na bin wannan gusawa tana gyarawa, ba ita ce ta haifar da daƙiƙa biyu ba.

Reach ce ta tona asiri. Ranar Laraba babban layi ya faɗi na awa uku, kuma a cikin awoyin nan duk majiyoyin waje na sabobi huɗun suka gangara zuwa 0. Na bi sawu har na'urar raba layi. Ƙa'idar da ni da kaina na rubuta don kada layin waya ya cinye mana data ta bar ƙofofi kaɗan ne a buɗe, kuma ƙofar 123 ta UDP, wadda NTP ke bi, ba ta cikinsu. Wato duk sanda muke kan layin waya, babu sabar da ke jin lokaci daga ko'ina.

Wannan kaɗai da bai yi ɓarna sosai ba, tunda chrony na tuna saurin agogonta ta ci gaba da riƙe shi. Abu na biyu ne ya haɗu da shi. A chrony.conf na sabar rumbu babu layin `rtcsync`, sauran biyun da ke kan chrony kuma suna da shi. Ma'ana ƙaramin agogon batir da ke kan allon na'urar ba a gyara shi yayin da take aiki, kuma daga gare shi take ɗaukar lokaci idan ta tashi. Na gwada ranar Lahadi da babu ciniki: na kashe ta, na mayar da ofis kan layin waya, na kunna. Ta tashi a baya da kusan daƙiƙa huɗu, ta zauna a haka har na dawo da babban layi. Awon juna da Injiniya ta ce in sa shi ya nuna hakan baƙi da fari a rajistar sauran ukun. Littafin mai gadi kuma ya nuna cewa a waccan Talatar batiran ajiya sun ƙare da hantsi, sabobin sun mutu sun tashi, babban layi bai dawo ba sai la'asar.

Na rubuta wa maigida bayanin, an sake jera rajistar Talata da lambar ciniki maimakon lokaci, an ga cewa sau ɗaya aka rubuta wa mutumin, na biyun yunƙuri ne da bai kammala ba. An kira shi an nuna masa.

Na buɗe ƙofar 123 a layin waya, na sa `rtcsync`, na sa manhajar rumbu ta jira `chronyc waitsync` kafin ta fara karɓar aiki. Abin da ya rage shi ne majiyar cikin gida da ba ruwanta da intanet. Na yi odar ƙaramin allon GPS mai fitar da bugun PPS, wato bugu ɗaya duk daƙiƙa, zan haɗa da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Ɗakin sabarmu ba shi da taga, rufin kuma kwano ne, mafi kusa da sarari shi ne barandar baya mai nisan kamar mita goma sha biyar. Injiniya, idan kun taɓa yin irin wannan, a naku wurin eriyar kuka ja da doguwar waya, ko Pi ɗin kuka kai kusa da sarari kuka ja wayar intanet zuwa gare shi?