Neman kalma: haƙƙin da fansho ke biya wa matar ma'aikaci da 'ya'yansa bayan rasuwarsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan sunan da za mu sa wa abin da Turawa ke kira "survivor benefits", wato abin da ake biya wa mata ko miji da 'ya'yan ma'aikacin gwamnati idan Allah ya yi masa rasuwa. A nan Katsina "kuɗin mamaci" muke cewa, wasu su ce "garatutin marigayi". Duka biyun ba su kwanta mini ba, domin mamacin kawai suke ambata, ba su faɗi hannun da ya kamata kuɗin ya shiga ba.

Kuɗin ma ba iri ɗaya ba ne. A dokar fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ana cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa duk wata, gwamnati ta ɗora kashi 10, a tara a asusu mai sunansa ƙarƙashin sa idon hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom. In ya rasu ba a sakin abin da ke ciki sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Ban da wannan akwai inshorar rai da dokar ta wajabta a yi wa ma'aikaci, wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara da alawus ba. Wannan tsarin ma'aikatan tarayya ne, jihohi kowace da tata dokar.

Wani tsohon akawu daga Ƙofar Marusa: Wa alaikumus salam. Ɗana, me ya hana a ce "gadon fansho"? Gajere ne, kowa zai gane.

Baba, Allah ya ƙara girma. Ga abin da ke cikin asusu, gado ne tabbas, guminsa ne ya tara. Matar ko matan su ɗauki sumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, iyaye su ɗauki sudusi-sudusi in ya bar ɗa, kamar yadda aka fayyace a Suratun Nisa'i. Sai dai kalmar ba ta rufe inshorar ba, domin doka ta ce a biya wanda ma'aikacin ya ambata da suna. Ko ya halatta wannan mutum ya riƙe shi kaɗai, fatawa ce ta malamai, kada sunan da muka zaɓa ya riga su yanke hukunci.

Wata malamar firamare daga Daura: Malam, ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassara "next of kin" da ake yi da "magaji". Maƙwabciyata tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta fita, wan mijinta ya ɗauki fayil ya shiga zirga-zirgar ofis. Marigayin ya cike fom ɗin ne ranar da aka ɗauke shi aiki, yana saurayi, ya rubuta sunan wansa a layin "next of kin", bai sake waiwayar takardar ba har ya haifi 'ya'ya. Mutumin kuwa ya yi imani har zuci cewa gwamnati ce ta naɗa shi magaji. Na ga ranar da ta miƙo masa takardar shaidar rasuwa ta bayan labule, a cikin leda, ba ta ko riƙe kwafi ba.

Malama, wannan magana ta taɓa ni ƙwarai. Wanda aka rubuta a wannan layin mutum ne da za a tuntuɓa in wani abu ya faru, rubutun bai mallaka masa ko sisi ba. Ina ganin "wakilin iyali" ya dace da shi, tunda kowa ya san wakili amana yake riƙewa. Sannan duk mai aure ya koma ya duba sunan da ya rubuta tun yana da rai.

Malamar ta Daura: To a ce "haƙƙin iyali" mana ga kuɗin gaba ɗaya.

Na so hakan, amma mu tuna da ma'aikata mata, malaman makaranta da na asibiti. In mace ta rasu ba ma kiran mijinta iyalinta, alhali yana da rubu'i in ta bar ɗa, rabi in ba ta bari ba. "Haƙƙin marayu" kuma ya fitar da uwarsu.

Tsohon akawun: Ai kalmar tana bakinmu a duk zaman makoki. Muna cewa Allah ya jiƙansa, ya raya baya. Wannan "baya" ɗin su ne matan, da miji, da 'ya'yan. Ku ce "haƙƙin baya".

Wani ɗan fansho daga Ƙofar Ƙaura: Alhaji, a yi hattara. Mu da ke bin layin tantancewa, da mun ji "baya" ariyas ke faɗo mana a rai, bashin watannin da ba a biya ba. A haɗa shi da mamaci.

Na gode muku duka, iyayena. Mun tsaya a kan "haƙƙin bayan mamaci" ga kuɗin gaba ɗaya, abin da ke cikin asusu a kira shi "gadon fansho" kamar yadda Baba ya kawo, layin nan na fom kuma "wakilin iyali". Masu shirye-shirye a rediyo da ke cikinmu, don Allah ku fara gwada su a iska, ku dawo mana da abin da masu sauraro suka ce.