Katin girafik: 16GB ko 12GB, ga kuma zafi a cikin akwati

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana harkar kwamfuta ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Tun da na koma allo mai 1440p (ma'aunin kaifin hoton allo) tsohon katina na girafik, wato mai sarrafa hoto a kwamfuta, mai memori 6GB ya fara gazawa. Da na ɗaga ingancin hoto sai wasa ya riƙa tsinkewa, bango da tufafin 'yan wasa su fito dishi-dishi kafin su washe. Na duba, memorin katin ne ke cika maƙil.

Yanzu kati biyu nake dubawa. RTX 4060 Ti mai 16GB, faɗin hanyar da bayanai ke bi zuwa memorinsa 128-bit ne, wutarsa kusan wat 165. Sai RX 7700 XT mai 12GB, 192-bit, amma yana jan wat 245. A 1440p wanne ya fi muhimmanci, yawan memori ko faɗin hanyar? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga na biyun.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Akwatin kwamfutata ƙarami ne, gabansa gilashi, fanka ɗaya tal a baya. Na share ƙura, na canza man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya, duk da haka katin yanzu yana kai digiri 83, fankokinsa na ƙara kamar injin niƙa. Na buɗe murfin gefe, sai zafin ya sauka sosai.

Fanka biyu masu jawo iska a gaba za su wadatar, ko dole sai na canza akwatin? Na'urar da ke ba kwamfutata wuta kuma wat 550 ce, za ta ɗauki sabon katin?