Sai an zubar da jinin mutum kafin ya cika almajirin Yesu?

Matashi daga Yamai:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana. A nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba mun karanta Markus 8:34, inda Ubangiji ya ce mai son bin sa ya ɗauki gicciyensa, daga nan hira ta gangara kan Istifanas, almajirin farko da aka kashe saboda bin Yesu, da sauran shahidai. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ni mai sayar da kayan babur ne, ba wanda ya taɓa yi mini barazana saboda bangaskiyata, to ina nawa gicciyen?

Dattijo daga Yamai:
Ɗana, kada ka yi marmarin kayan da ba ka san nauyinsu ba. Ranar 17 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u a nan Yamai, kwana ɗaya bayan na Damagaram, kuma da gari ya waye ranar Lahadi na tsaya cikin tamu, kwanon rufi ya lanƙwashe, kujeru sun zama gawayi. Maƙwabcina Musulmi ne ya ɓoye iyalina a ɗakin matarsa, ban manta ba. Abin da ya fi gobarar yi mini wuya shi ne amsa gaisuwar samarin da na gane fuskokinsu, yawancinsu yunwa da zaman banza sun riga sun cinye su.

Uwa daga Tawa:
Baba ya faɗi gaskiya. Babban bishop Oscar Romero na El Salbado bai nemi mutuwa ba; an harbe shi ranar 24 ga Maris 1980 yana tsaye gaban bagade, kwana ɗaya bayan ya roƙi sojoji su daina kashe 'yan'uwansu talakawa. Shahada ta same shi a inda ya riga ya tsaya. Ƙanena, na ga wata mata a asibitin Galmi da ta sayar da akuyarta guda don kuɗin mota, tana zaune a ƙasa da kwano wayam. Irinta suna nan a unguwarku, ka fara da su.

Malamin makaranta daga Tawa:
Mama, ki gafarce ni, ina da ƙari. Mai cika kwano kowa na yaba masa, amma Romero tambaya ya yi: wa ya kwashe abin da ke cikin kwanon? A ƙauyenmu akwai masu ba da bashin buhun gero da damina su karɓi biyu da kaka, kuma har da mai zama a kujerar gaba ranar Lahadi. Shekara uku ke nan ina neman bakin da zan yi masa magana.