Me za mu kira “free agent” da Hausa?

1/
Jama'a, assalamu alaikum. Kalma guda nake nema, kuma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina cikin Hausawan da zaman Bronx a birnin New York ya koya wa kallon wasan besbol, domin daga gidanmu zuwa filin ƙungiyar Yankees tasha uku ce kacal a jirgin ƙasa. Kowace shekara da an gama World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, sanyi ya kawo jiki, an rufe fili, sai hira ta koma kan wa zai tafi, wa zai zauna, nawa za a ba wane. Daga Nuwamba har Fabrairu kalmar da ke bakin kowa ita ce “free agent”, wato ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare, yake da damar shiga ƙungiyar da ya ga dama. Har yau ban sami Hausarta da ta kwanta mini a rai ba.

2/
Ga abin da ya tayar da maganar. A Disambar 2024 Juan Soto ya bar ƙungiyarmu ta Yankees ya koma Mets, ɗaya ƙungiyar ta New York, shekara 15 a kan dala miliyan 765. Abin ya yi mini ciwo, ɗan shekara 26 da ya taimaka ya kai mu wasan ƙarshe watanni biyu kafin nan. Da asuba, kafin in fita aiki, na tsaya a bakin taga da kofin shayi na aika wa yayana da ke Kano saƙon murya. Na ari bakin masu sharhin ƙwallon ƙafa na ce, “Yaya, Mets ta ɗauke mana Soto a kyauta.” Ba a jima ba ya mayar mini: “Ƙanena, wace irin kyauta ce ta miliyan ɗari bakwai da sittin da biyar?” Na rasa amsa, don gaskiya ya faɗa.

3/
“A kyauta” tana da gurbinta a ƙwallon ƙafa. Can ƙungiya kan sayi ɗan wasa daga wata da kuɗi, to idan kwantiragi ya ƙare, kamar yadda Mbappé ya bar PSG zuwa Real Madrid a 2024, tsohuwar ƙungiya ba ta karɓar ko sisi. Kyautar tsakanin ƙungiya da ƙungiya take.

A besbol galibi musaya ake yi, a ba da mutum a karɓi mutane. Shi kansa Soto sau biyu aka yi musayarsa: daga Nationals zuwa Padres a Agustan 2022, sannan daga Padres zuwa Yankees a Disambar 2023, inda aka haɗa shi da Trent Grisham aka karɓi 'yan wasa biyar. Duk biyun ba sai da yardarsa ba. Abin da ya sauya a 2024 shi ne wuƙa da nama sun dawo hannunsa. Wannan ce ma'anar da nake son kalmarmu ta ɗauko.

4/
Ga waɗanda ba su bin wasan, ga yadda tsarin yake. Ɗan wasa ba ya samun wannan dama sai ya cika shekara 6 a babban rukuni, kuma kwana 172 ake ƙirgawa shekara guda. Shekaru ukun farko ƙungiya ce ke yanka masa albashi, yawanci kusa da mafi ƙanƙanta, wanda a 2024 yake dala 740,000. Uku na gaba, in ba su daidaita ba, kowane ɓangare ya kawo adadinsa gaban masu sasanci, su zaɓi ɗaya daga cikin biyun. Sai bayan ta shida yake da ikon zama da duk wadda ya ga dama cikin ƙungiyoyi 30.

Ƙirgen kwanakin nan ba wasa ba ne. A 2015 Cubs ta riƙe Kris Bryant a ƙaramin rukuni har tsakiyar Afrilu, ya gama kakar da kwana 171. Saboda kwana ɗaya tak sai da ya ƙara shekara guda cur kafin ya fita. Ya kai ƙara, bai yi nasara ba.

5/
Yanzu ga waɗanda na gwada na ajiye.

“Wakili mai 'yanci” ita ce manhajar fassara ke bayarwa, kuma kuskure ce tsantsa. Wakili shi ne wanda ke yi wa ɗan wasa ciniki, irin Scott Boras da ya tsaya wa Soto. Mu ɗan wasan muke nufi.

“Wanda ba shi da ƙungiya” gaskiya ce, amma tana sa mutum ya ji kamar wanda aka yar. Wanda manyan ƙungiyoyi ke layi a ƙofarsa ba maraya ba ne.

“Mai zaman kansa” ta fi su ƙarfi, har na daɗe a kanta. Muna cewa lauya mai zaman kansa, ɗan jarida mai zaman kansa. Sai dai waɗannan haka suke rayuwa kullum, shi kuwa namu na 'yan makonni ne, da ya sa hannu shi ke nan. Sannan ku juya ta zuwa mace, ku ce 'yar wasa “mai zaman kanta”, ku ji inda kunnen Bahaushe zai tafi. Kalmar da ba za a iya kiran 'yan wasa mata da ita ba, rabin kalma ce.

6/
Wata Hajiya a nan unguwar, wadda ta fi ni sanin wasan nesa ba kusa ba, ta ce mini, “Ɗan nan, ai bazawari ne.” Kada ku yi saurin wucewa, hujjarta da nauyi. Budurwa a al'ada iyaye ke da babbar murya a kan aurenta, bazawara kuwa ita ke zaɓe da bakinta. Akwai ma abin da ya yi kama da idda: bayan World Series sai an jira kwana 5 kafin ɗan wasa ya sa hannu da wata sabuwa, amma tsohuwar ƙungiyarsa tana iya mayar da shi a cikin kwanakin. Har kome akwai. Aaron Judge ya shiga kasuwa a ƙarshen 2022, Giants da Padres suka yi zawarcinsa, ya dawo Yankees a kan shekara 9, dala miliyan 360.

Na ce, Hajiya, a bakin majalisa wannan ta zauna daram, kuma “zawarci” kam tuni masu labarin wasanni suka karɓe ta, mu riƙe ta. Amma ba na jin mai karanta labarai zai iya cewa “bazawari” a rediyo a saurari sauran maganarsa.

7/
Wadda na tsaya a kanta ita ce 'YANTACCE. 'Yantaccen ɗan wasa, 'yantacciyar 'yar wasa, 'yantattu in suna da yawa. Lokacin cinikin kuma kasuwar 'yantattu. Shi haƙƙin kansa mu ce 'yancin zaɓen ƙungiya.

Na san abin da za ku ce. A Hausa bawa ake 'yantawa, don haka kalmar ta yi wa masu miliyoyi nauyi. Ni ma na ji hakan da farko. Tarihin wasan ne ya sauya mini ra'ayi.

8/
Tun 1879 akwai wani sharaɗi a besbol da ke ɗaure ɗan wasa da ƙungiyarsa. In kwantiragi ya ƙare, ƙungiya na da ikon sabunta shi na shekara guda, kuma masu ƙungiyoyi suka ɗauka cewa sabon ma yana ɗauke da wannan iko, haka nan har mutum ya tsufa. Ko ka buga musu, ko ka bar wasan gaba ɗaya. Kusan shekara ɗari aka yi a haka.

A Oktobar 1969 Cardinals ta yi musayar Curt Flood zuwa Phillies bayan ya yi mata kaka 12. Flood, baƙar fata ne, ya ce ba inda za shi. Ranar 24 ga Disamba ya rubuta wa shugaban wasan, Bowie Kuhn, cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba tare da an ji ta bakinsa ba. Albashinsa a lokacin dala 90,000 ne, kuɗi mai yawa a zamanin. Da aka tuna masa da haka a talabijin, ya amsa da cewa bawan da ake biya da tsoka, bawa ne dai. Ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ya sha kaye a 1972, alƙalai 5 da 3. Ya rasa kakar 1970 gaba ɗaya, ya buga wasa 13 a 1971, daga nan wasansa ya ƙare.

Ƙofar ta buɗe ne a Disambar 1975. Andy Messersmith da Dave McNally sun shiga kakar shekarar ba tare da sun sa hannu a sabon kwantiragi ba, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ta kai maganar gaban mai sasanci Peter Seitz, shi kuma ya yanke cewa shekara guda, shekara guda ce. A 1976 aka yi yarjejeniyar da ta kafa sharaɗin cika shekara 6 da ake bi har yau.

To mutumin da ya sadaukar da sana'arsa a kan abin, da harshen bauta da 'yanci ya yi maganarsa. Nauyin da kuke ji a “'yantacce” yana nan a asalin abin, ba ni na ɗora ba. Duk ranar da na ga adadi irin na Shohei Ohtani, dala miliyan 700 na shekara 10 da Dodgers, Flood nake fara tunawa.

9/
Na dawo bayan karanta amsoshinku, na gode ƙwarai.

Malam daga Damagaram, ka tuna mini cewa a wajenku “ɗiyauci” ake cewa. Tushen ɗaya ne, ɗa da ɗiya, wato wanda ba mallakar kowa ba. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Ɗan'uwa da ya kawo “yaye”, na ji daɗinta sosai: yaro ya yi shekarunsa a shagon maigida, a yaye shi ya buɗe nasa. Ta dace da shekara shidan nan. Inda muka rabu shi ne, yaye maigida ke yin sa, da addu'a, wani lokaci har da jari. Ƙungiya ba ta yaye kowa da son ranta. Da Cubs ta sami hali ma ai kwana ɗaya ta yi amfani da shi ta ƙara riƙe yaronta.

10/
Gyaran da na karɓa hannu bibbiyu shi ne na wadda ta ce Turanci ya cakuɗa mutum biyu a kalma ɗaya. Akwai wanda ya cika shekarunsa ya fita da ƙafarsa, akwai kuma wanda ƙungiya ta ƙi miƙa wa kwantiragi a Nuwamba don ba ta son biyan abin da masu sasanci za su yanka masa. A doka dukansu suna iya zuwa ko'ina. Amma Hausa tana da halin rarrabewa, to mu rarrabe: na farko 'yantacce, na biyu sallamamme. Ranki ya daɗe, wannan taki ce.

11/
Na sake aika wa yayana saƙo ɗazu, na ce, “Yaya, Soto ya cika shekara shida ya zama 'yantacce, ƙungiyoyi suka yi zawarcinsa, ya zaɓi Mets.” Bai tambaye ni ma'anar komai ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne nawa Yankees ta taya. Na ce miliyan 760 na shekara 16.