Zuwa Yankari da kuɗin aljihu, ba tare da kamfanin yawon buɗe ido ba

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yara sun matsa mini sai na kai su sun ga giwa da idonsu. Na tambayi wani kamfani da ke shirya tafiya Yankari, kuɗin da suka faɗa sai da na ajiye wayar na sha ruwa. Mu shida ne, daga Kano, kuma ina da mota. Zai yiwu mutum ya shirya abinsa da kansa? Waɗanda suka taɓa zuwa su taimaka.

Ɗan Alkaleri: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, tunda kana da mota ai ka gama rabin aikin. Yankari a ƙaramar hukumarmu take. Daga cikin Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe, idan ka kai Dindima ka karya dama, ka miƙe har Mainamaji, nan babbar ƙofa take. A nan ake biyan kuɗin shiga, na kai da na mota. Abin da baƙi ba su sani ba shi ne, ƙofa ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Daga nan zuwa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, akwai kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji. Gaba ɗaya daga Bauchi ka lissafa kilomita 110 ko sama kaɗan.

Malam Direba: Daga Kano ka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, sai Bauchi. Ka fita bayan sallar asuba, kada ka bari dare ya yi maka a hanya. Ka cika tanki a Bauchi, kada ka ce sai gaba. Ka duba tayar safaya da jak tun a gida.

Hajiya Uwargida: Ni shawarata ku kwana a cikin Bauchi, masauki ya fi yawa, za ku zaɓi daidai aljihunku, abinci ma ya fi araha. Da safe ku shiga, ku dawo da yamma.

Ɗan Alkaleri: Hajiya, a yi mini afuwa, a nan kam ban bi ki ba. Dabbobin nan da sanyin safiya suke fitowa, sai kuma bayan la'asar. Wanda ya kwana a Bauchi kafin ya iso Wikki rana ta take, kowace dabba ta shige inuwa. Zai biya mai, ya biya ƙofa, ya koma gida da hoton birrai. Kuɗin da aka rage a masauki an zubar da shi a hanya. Gara kwana ɗaya a Wikki: ku isa da azahar, ku fita zagayen yamma, ku kwana, ku sake fita da sassafe, sannan ku kama hanya. Zagaye biyu ke nan a kuɗin ɗaki ɗaya.

Hajiya Uwargida: To ai ni ruwan ɗumin Wikki, maɓuɓɓugar da ake wanka a cikinta, shi ya kai ni, ba giwa ba. Amma ka yi gaskiya, mai son dabbobi ya kwana a ciki.

Baban Yara: Madalla. Wane lokaci ya fi? Ina tunanin hutun Disamba.

Malamar Jogarafi: Disamba akwai daɗin yanayi, amma ciyawa ba ta gama kwantawa ba, kuma akwai sauran ruwa a kududdufai, don haka dabbobi a warwatse suke. Ga cinkoson masu hutun ƙarshen shekara, ɗaki ya yi wuya. Idan ganin dabbobi ne a gabanka, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. Zafi zai gasa ku, ba ƙarya, amma a lokacin ruwa ya ƙafe ko'ina sai kogin Gaji da ya ratsa tsakiyar dajin, dole kowa ya sauko nan ya sha. Ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, duk a bakin kogin ake cin karo da su. Dajin fa ya kai murabba'in kilomita 2,244, giwayen da suka rage kuwa ba su da yawa, saboda haka in ba ƙishirwa ta tara su wuri ɗaya ba, sai mai rabo. Da damina kam a haƙura, hanyoyin ciki sukan lalace.

Kuma ku guji ranakun Sallah da ƙarshen mako in da hali. Ranar Talata ko Laraba kamar ku kaɗai ne a dajin.

Malam Direba: Wace irin mota ce, Alhaji? Titin zuwa Wikki ƙaramar mota za ta je. Amma hanyoyin zagaye a cikin daji yashi ne da kwazazzabai, sai mai tudu. In taka mai ƙasa ce kada ka wahalar da ita, ka ajiye ta a sansani ku hau motar gandun. Kuma ko da motarka ka shiga, dole ka ɗauki ɗan jagora daga ma'aikata, ba a barin mutum ya kutsa shi kaɗai.

Baban Yara: Sienna ce.

Malam Direba: Ajiye ta. Ku nemi wasu baƙin a sansani ku haɗa kuɗin motar gandun, a raba. Nan ne ake samun sauƙi na gaske, ba a kuɗin shinkafa ba.

Maman Biyu: Maganar abinci kuwa, akwai gidan cin abinci a Wikki, amma ku shida ɗin nan ku tafi da guzurinku. Dambun nama, soyayyen kaza, burodi, kayan shayi, ruwan leda mai yawa a kula. Sai dai ku ji tsoron gwaggon biri! Wallahi ba su da kunya ko kaɗan. Suna fizge leda a hannun yaro, suna tura ƙofar da ba a kulle ba, mota ma in an bar gilas a sauke sai sun leƙa. Kada yaro ya fito da abinci a hannu, kada kuma a ba su don wasa, shi ya ɓata su tun farko. Gadu ma na yawo a tsakar sansanin, su dai ba ruwansu da kowa in ba a matsa musu ba.

Anti Nas: Ku tafi da gidan sauro da maganin shafawa. A cikin daji akwai tsando, cizonsa da zafi, kuma yana bin tufafi baƙaƙe da shuɗi. Ku sa masu haske, masu dogon hannu. Paracetamol, ORS, da hula ga kowane yaro. A ruwan Wikki kuma ido a kan yara, ta wajen da yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse ya fi tsayin mutum zurfi, can ƙasa ne yake daidai wasan yara.

Hajiya Uwargida: Ruwan nan dai Allah ya yi abin mamaki. Garau kake ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ga mata masu jin nauyi, ku sauka da sassafe kafin samari su cika wurin, da doguwar riga da wando, ba wanda zai dube ku.

Ɗan Alkaleri: Kada ku dawo ba ku ce a kai ku kogunan Marshall ba, ɗakuna ne da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey. Akwai ɗan gidan tarihi a sansanin, yara za su ga fatu da hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace a hannun mafarauta. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Abu ɗaya dai, Alhaji: kada ka yi wa yara alkawarin zaki. Akwai su, amma 'yan kaɗan ne, akwai ma'aikatan da kan daɗe ba su sa su a ido ba.

Baban Yara: Ƙaramar kuma raƙumin dawa take ta kira.

Malamar Jogarafi: Wannan sai gandun dajin Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa. A 2006 aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya aka zuba a can. Ta ɓangaren hanyarku ta komawa Kano yake, sai ku tambaya a Bauchi ku ratsa.

Ɗan Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan gandun dajin Mole muke zuwa, ta Damongo da Larabanga, har da ƙafa ake zagayawa da ma'aikaci mai bindiga. In kun gama da Yankari ku zo mu karɓe ku.

Malam Direba: Ka riƙe tsabar kuɗi, sabis yakan ɗauke a ciki, kada ka dogara da tiransifa. Kuma ka kira ofishin Yankari ana saura mako ɗaya ka ji farashin ɗaki da na mota na yanzu, ka tambayi lafiyar hanya.

Baban Yara: Allah ya saka da alheri. Na mayar da tafiyar hutun Afrilu. Akwai mai son mu haɗa kuɗin motar gandun? Ya yi mini magana ta gefe.

Maman Biyu: Bari in tuntuɓi maigidan, mu huɗu ne.