Me za mu kira "scaffold" na likitoci?

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 7 na safe zan shiga situdiyo, kalma ɗaya ta maƙale min a wuya: scaffold. Ba na magina ba, na likitoci. Abu ne mai ƙananan ƙofofi da ake shimfiɗawa inda wuta ta cinye fata, ƙwayoyin halitta su shiga su zauna, jijiyoyin jini su ratsa, nama ya tsiro, shi kuma ya narke a hankali. Misalina Integra ne, fatar wucin gadi da Ioannis Yannas da John Burke suka ƙirƙiro a Amurka, hukuma ta amince da ita a 1996.

Ɗalibin likitanci: Ki ce sikafol kawai, Anti. Haka muke faɗa a aji.

Malamin Hausa: A aji, ba a rediyo ba. Tsohuwar da ke saurare a Gumel ta san sikafol? Tsaiko ne. Ana ɗaura tsaiko, a baibaye shi da shuci, ɗaki ya tashi. Tsaikon nama.

Ma'aikaciyar jinya: Allah gafarta malam, tsaiko yana nan har ɗaki ya rushe. Wannan kuwa amfaninsa shi ne ya narke ya ɓace. Kolajin ne na jijiyar saniya, irin danƙon nan da ke cikin ganda, an haɗa da wani sinadari na guringuntsin kifin shak. Sama akwai ledar silikon, ita ake ɗayewa bayan sati 2 zuwa 3 a dasa siririyar fatar majinyacin. Ni soso zan ce.

Ɗalibin likitanci: Soso a cikin jiki? Mutane za su ɗauka likita ne ya manta da shi bayan tiyata.

Malamin Hausa: Ka ji ko? Tsaiko dai. Na taɓa ba da kalmar a wani taro, har tafi aka yi.

Wani daga Damagaram: Mu nan da yaran gari ka ce tsaiko sai sun tambaye ka. Madogara ta fi sauƙi.

Malamin Hausa: Don yara sun jahilci kalma sai mu binne ta? Haka aka yi har muka wayi gari da "fonkol" da "cajin". Harshen da ya rubuta waƙoƙi da ajami tun kafin zuwan Turawa!

Ɗalibin likitanci: Ranka ya daɗe, "tiyata" da "asibiti" ma ai ba daga Daura suka fito ba.

Malamin Hausa: Waɗannan sun sha ruwan Hausa. Taka ko wanka ba ta yi ba.

Wani daga Damagaram: Kullum dai Hausar Kano ce alƙali.

Malamin Hausa: Ni Bakatsine ne, malam.

Mai shirin lafiya: Jama'a, sha ɗaya ta wuce. Madogara tana nufin hujja a kunnen mutane, soso ya ba ni tsoro. Zan ce "tsaiko mai narkewa", in bi shi da bayanin ƙofofi kamar na soso sau ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya: Ya yi tsawo, amma ba ƙarya a ciki. Ki tabbata kin ce ba ya maye gurbin dashen fata.

Malamin Hausa: "Mai narkewa" ɗin nan ƙari ne kawai. To, a je a haka.

Ɗalibin likitanci: A jarrabawa dai sikafol zan rubuta.